Takardar da Ta Ɓata Kafin Wasan Ƙarshe

Ranar Alhamis ta ƙarshen watan Afrilu, shekarar da na cika sha biyar, bayan sallar la'asar, mu wajen ashirin muka cunkushe a falonmu da ke hawa na biyar a unguwar Hayyin Ashir ta birnin Alƙahira, falon da ko mu huɗu na gidan sai da dabara muke miƙe ƙafa a cikinsa. Takalma sun cika bakin ƙofa har sun gangara matakala, Umma kuma tana kicin tana ƙara wa zoɓo ruwa don ya kai ga kowa. Saura kwana biyu mu buga wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta 'yan ƙasa da shekara sha shida, filin da muke atisaye kuwa an kafa masa rumfar biki, shi ya sa muka ƙare a gidanmu. Mai koyar da mu, Kyaftin Idris, ya tanƙwashe ƙafa a tsakiyar tabarma ya ce a ba shi takarda. Na zaro ɗaya daga tarin takardun da Baba ya soke ya ajiye a kan firji, gabanta cike da Larabci da jan biro, bayanta fari. Kyaftin ya juya ta, ya zana ƙananan da'irori goma sha biyar, ya sa wa kowace lamba, sannan ya ɗora yatsa a kan lamba biyu ya dube ni ya ce, "Ya Yunusa, jibi wasan nan a hannunka yake." Na gyaɗa kai kamar gaske, alhali ni kaɗai a falon na san cewa da wuya in je filin ranar Asabar.

Asabar ɗin ce ranar munaƙashar Baba, wato zaman da malamai uku za su yi su titsiye shi da tambayoyi a kan littafin digirinsa na ƙarshe. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya kwaso mu daga ƙasar Katsina ya kawo mu Alƙahira neman ilimi, shida daga ciki ya yi su yana rubutu a kan hukuncin ruwa da rijiyoyi, a gidan da ruwa ba ya hawowa wurinmu sai injin turo ruwa da ke ƙasa ya ga dama. Sau biyu ana ɗage ranar, a na uku ta faɗo kan Asabar da ƙarfe goma na safe, wasanmu kuma sha ɗaya, a can ƙetaren kogi. A wurin mutanenmu na nan munaƙasha ba ƙaramin taro ba ne. Ɗalibai kan zo da manyan riguna, mata su kawo cincin da lemo, babban ɗan mai littafi kuma shi ke rungumo kundayen ya biyo bayan ubansa har kan tebur. Na ga 'ya'yan wasu sun yi, na kuma san tun ina ƙarami an ajiye mini wannan aikin. Ba wanda ya taɓa faɗa mini, kamar yadda ba wanda ya taɓa faɗa mini ni zan riƙa sayo burodi.

Da wani uban ne da sai in zauna in yi masa bayani. To ni ɗan fari ne, Baba kuwa ya riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla, shi da ya fi kowa sanin babu ta a littafi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In muna mu biyu "kai" ne, in da mutane "wancan", in ƙanwata Safiya na kusa kuwa sai maganar ta bi ta kanta, ko da ina zaune gwiwata na gogar tasa. "Safiya, gaya wa yayanki mai iskar gas na buga ƙarfe a ƙasa." Ita kuma, yarinyar shekara bakwai mai son girma, sai ta juyo ta maimaita mini kalma bayan kalma, har da ƙarin nata. Sunanta kam yakan kira shi sau ashirin a yini, ya ɗora ta a cinya, ya ɓare mata lemo. Ina ƙarami abin ya ci mini rai sosai, musamman in na ga maƙwabcinmu Bamisire ya rungume ƙaton ɗansa a matakala yana sumbatar goshinsa. Na taɓa kai ƙara wurin Umma, ta ce, "Wanda aka fi ji da shi ake ɓoyewa." Ban gamsu ba, na ɗauka irin maganar da ake rufe bakin yaro da ita ce.

Rayuwata a lokacin ba ta wuce matakala da layi ba. Da asuba in sauka in bi layin burodi, in dawo da shi a kan kai yana turiri, in tsaya wurin mai amalanken ful, dafaffen waken nan na Misirawa, a zuba mini a kwano. Ranar da injin ruwa ya yi yaji in yi sawu shida da jarka. In tukunyar gas ta ƙare ni zan saɓo sabuwa hawa biyar, ina hutawa a na uku inda wata tsohuwa ke ba ni alewa don in sauke mata kwandonta. Wannan hawa da saukar shi ya faɗaɗa mini kafaɗa, kuma a kan matakalar Kyaftin Idris ya fara ganina, ya zo gaida wani ɗan'uwansa, ya tsaya yana kallona da tukunya a wuya, ya tambaye ni da Hausa ko na taɓa taɓa ƙwallon da ba ta zagaye ba. Bahaushen Sudan ne, kakansa ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya noma a bakin kogi don neman guzuri, bai sake tashi ba. Gyaran firji yake yi a wani ɗan shago, ranakun Talata da Alhamis kuma ya tara yaran unguwa, 'yan Sudan da Misirawa da mu 'yan Najeriya uku, ya koya mana zari-ruga a wani fili da sai mun jeru mun tsince duwatsu da kwalabe kafin a fara.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka dambe ne ya ɓarke a kan gwanda, don ƙwallon siffar gwanda gare ta. Mutum goma sha biyar ne kowane ɓangare. Ka rungume ta ka ruga, in an kusa kayar da kai ka miƙa wa na bayanka, ba a miƙa ta gaba ko kusa, har wani ya kai ta bayan layin abokan karawa ya dangwala a ƙasa. In ta kuɓuce maka ta yi gaba, sai ƙarfafa takwas-takwas su sunkuya su haɗa kafaɗu a yi turereniya a kanta. In kuma ta fita gefe, sai a jeru layi biyu, mai lamba biyu ya tsaya a bakin fili ya jefo ta tsakani, kowane ɓangare ya ɗaga dogonsa sama ya cafke. Wannan jifan shi ne aikina. Wata uku na yi ina hawa rufin gidanmu bayan makaranta, tsakanin igiyoyin shanya da kejin tattabarun maƙwabci, ina jifan wani tabo da na yi da gawayi a jikin tankin ruwa, abokina Adamu Dogo yana tsalle yana cafkewa. Har mun kai in ya ɗaga gira na san inda yake son ta.

Abin da Kyaftin ya zana mana ranar Alhamis ɗin bai da wuyar fahimta. Waɗanda za mu kara da su yaran wani kulob ne na masu hali a wajen Dokki, kowanensu ya sha madara ya ƙoshi, filinsu ciyawa ce shar. A farkon gasar sun lallasa mu, a turereniya kuwa haka suka riƙa tura mu baya kamar amalanke. Duk wanda ya san gasar ya riga ya ba su kofin, har wasu iyayen namu cewa suke mu dai dawo da haƙoranmu. Kyaftin ya ce kada mu yarda a yi ta turereniya, saboda haka kowa ya riƙe ƙwallo da hannu biyu ko da za a ce masa matsoraci. Mu watsa ta gefe zuwa gefe, mu sa ƙattin su yi ta gudu cikin rana. Ƙato in ya gaji laifi yake yi, duk laifin da alƙalin wasa ya ba mu kuwa a buga ta waje kusa da layinsu, jifa ya zama namu, daga nan sai ni da Adamu. Kuma da yake su Larabci da Turanci suke ji, sai ya mayar da kiran jifan Hausa. In na ce tuwo, na gaba za a ɗaga. In na ce miya, na tsakiya. In na ce fura, sai can ƙarshen layi inda Adamu zai lallaɓa. Yaran Misirawa suka yi ta maimaitawa suna dariya, Umma na jinsu daga kicin tana cewa yunwa kawai suke tayar mata.

Da ya gama zane sai ya ajiye biro ya dube mu. Ba mai yawan wa'azi ba ne, ranar ma bai tsawaita ba. Ya ce shi bai yi mana alkawarin kofi ba, amma kowannenmu ya dubi na kusa da shi ya san cewa in ya faɗi akwai mai zuwa ta bayansa. Ya ce kakansa bai kai Makka ba, ubansa ne ya kai, da guzurin da kakan ya noma. "Wanda ya miƙa ma ya yi wasa, ya zol," in ji shi, ya zol ɗin kuwa yadda 'yan Sudan ke cewa mutumina ne, sannan ya tafa hannu ya ce khalas, wato an gama, kowa ya tafi ya ci abinci ya kwanta da wuri. Duk tsawon zaman ƙofar ɗakin Baba a buɗe take kamar faɗin tafin hannu. Ina hango gefen gwiwarsa da littafi a kai, na lura dai ban ji ƙarar buɗe shafi ba, amma na ɗauka surutunmu ne ya hana shi karatu, na ƙara jin nauyi.

Bayan sun watse na nemi takardar in ƙara dubawa, sama ko ƙasa. Na ɗaga tabarma, na leƙa bayan firji, na ɗora wa Safiya laifi har ta yi kuka ta ce ita ba akuya ba ce da za ta ci takarda. Wannan ya dame ni, amma bai kai ɗayan ba. Ban gaya wa Kyaftin komai ba saboda tsoron idonsa, ban kuma gaya wa Baba ba saboda ban san ta inda ake fara irin wannan maganar da shi ba. Yaron da zai maye gurbina in ban je ba yana da ƙarfi, sai dai jifansa karkatacce ne, ko tankin ruwa gaba ɗaya aka ce ya jefa sai ya sami tattabara. Na sami Umma tana yanka cincin na gaya mata. Ta ce shekara goma sha ɗaya mutumin nan yake jiran ranar nan, ita ba za ta iya buɗe baki ta ce masa ɗansa ba zai zo ba. Na ce na ji. Na yanke a raina da safiyar Asabar zan aika wa Kyaftin cewa zazzaɓi ya kama ni, in ɗauki kundayen in bi bayan Baba. Ƙarya ce na shirya, kuma na san Adamu ba zai yarda da ita ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na karɓo babbar rigar Baba daga wurin mai guga, muka zauna cin abinci. Shinkafa da miyar kuɓewa ce, ina ta juya cokali. Baba ya ci ya wanke hannu, ya jawo Safiya jikinsa yana gyara mata ɗankwali, sannan ya ce, yana kallon bango, "Safiya, gaya wa yayanki, wanda bai iya Hausa ba ai ba kurma ba ne." Safiya ta juyo za ta maimaita, ya ci gaba. "In ya ce tuwo sau uku aka ɗaga na gaba sau uku, a na huɗu su ma sun iya Hausa. Ya riƙa faɗin kalma biyu. Kafin hutu ta farkon ce gaskiya, bayan hutu ta biyun." Cokalin ya tsaya a hannuna. Tun jiya muke taƙama da dabararmu, mu da Kyaftin, ba wanda ya hango wannan ramin sai mutumin da na ɗauka bai san ma siffar ƙwallon ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ta gaya mini shi ma ya yi kokawa a dandalin garinsu kafin karatu ya ɗauke shi, kuma ƙato ba a tarar sa ta ƙirji, ƙasa ake yi a kama gwiwa. Umma ta ajiye ludayi tana kallonsa. Ni kuwa sai na ce wa Safiya, ba shi ba, "Tambayi Baba, kundayen fa?" Ya murza gemunsa. "Gaya masa ni mutum uku ne za su tambaye ni, kuma na yi shekara shida ina shirya musu amsa. Shi mutum goma sha huɗu ya yi wa alkawari. Ke za ki ɗauki ƙaramin, Malam Sani ya ɗauki sauran." Malam Sani abokin karatunsa ne da ke hawa na biyu. Safiya ta miƙe tsaye don girman saƙon ta fara, "Yaya, Baba ya ce," sai ta ga fuskata ta tsaya. Na tashi na haye rufi na zauna bayan tankin ruwa na yi kuka mai isata, na daɗi da na kunya a haɗe, don na san abin da ya sadaukar ya fi abin da ya ba ni. Da na share ido na gangara gidan su Adamu muka tafi shagon Kyaftin da sabuwar dabara. Ya saurara, ya dafe kai, ya ce wane ne ya koya mini wannan. Na ce wani malamin rijiya.

Ba mu ci kofin ba, kada mai karatu ya sa rai. Da tazara kaɗan suka tsira, a mintunan ƙarshe, bayan mun sa sun yi gumin da ba su taɓa yi ba. Amma a jifa ko sau ɗaya ba su karanta mu ba. Bayan hutu na ce tuwo fura, suka yi caa a gaba suna murna sun gano mu, ƙwallo ta wuce ta kansu ta sauka hannun Adamu a ƙarshen layi, ya faɗa bayan layinsu da ita. Ana busa tashi ban tsaya karɓar lambar yabon waɗanda suka zo na biyu ba, na faɗa ƙaramar bas da rigar wasa da ƙasa a gwiwa, na canja mota biyu. Na isa zauren daidai lokacin da guɗa ta tashi, an gama, an ba shi daraja mafi girma. Yana tsaye cikin alkyabbar malamai mutane na ta rungumarsa, na raɓe a bakin ƙofa saboda dauɗar jikina. Ya hango ni, ya kau da kai kamar yadda ya saba, ya sunkuya wurin Safiya. Ta ratso mutane da gudu ta zo ta ce, "Yaya, Baba ya ce wai furar ta shiga?" Na ce ta gaya masa ta shiga. Daga nesa na ga ya gyaɗa kai sau biyu, ya ci gaba da gaisawa da baƙinsa.

Shekara guda bayan nan suka koma gida, ni na zauna na ƙarasa karatu, zaman da har yau ban tashi ba. Yanzu a unguwar Faisal nake da iyalina, ina aikin fassara a wani ofis a Dokki, ba nisa da filin da aka doke mu. Baba ya koyar shekaru masu yawa, almajiransa sun cika gari, kuma har ya koma ga Allah in na kira waya sai ya ce wa Umma ta tambayi mutanen Masar ya sanyi. Da na je ta'aziyya Umma ta ce in ɗauki abin da nake so a ɗakin karatunsa. Na ɗauko kundin farko na littafin rijiyoyin, wanda ban ɗauka ba ranar da ya kamata. Ina buɗewa wata takarda ta faɗo, an ninke ta huɗu, ta yi laushi saboda daɗewa a aljihu. Gabanta Larabci da jan biro, bayanta da'irori goma sha biyar na Kyaftin Idris. Umma ta leƙo ta ce ai ita ce, a aljihun rigarsa ta shiga munaƙasha, ita ta cire ta da za ta yi wanki ya ce a mayar masa. Kyaftin lambobi kawai ya rubuta ranar, na tabbata. Amma a ƙarƙashin lamba biyu, da ɗan siririn rubutun ajamin nan na Baba, an rubuta Yunusa.

Yanzu babban ɗana shi ma yana buga zari-ruga, a fili mai ciyawa, da takalmin da ban taɓa mafarkin irinsa ba. Ina tsayawa a bakin fili in yi ta ƙwala masa kira har ya ce ina ba shi kunya a gaban abokansa, a gida ma sunansa ba ya hutawa a bakina. Ban ce zamaninmu ya fi ba, ni da na san yadda rashin kiran nan ya yi mini ciwo. Sai dai wani lokaci in na dawo daga filin nakan buɗe kundin in dubi takardar, in tuna ƙofar da aka bari a buɗe kamar faɗin tafin hannu da shafin da ba a juya ba. Sau ɗaya Baba ya kira sunana, kuma har yau ina amsawa.